HILFUL FUDUL DA MATAR DA TA ZO BAYAN ASUBA: Shin ya halatta mu haɗa hannu da ƙungiyoyin waje a kan kare mata?



'Yan uwa, duk shekara idan Nuwamba ya kusa ƙarewa sai saƙonni su yi mini yawa a kan magana ɗaya. Wani ya ce: "Malam, an gayyaci limamin unguwarmu taro a otal, an ba shi riga ruwan goro da kuɗin mota, ya dawo yana huɗuba a kan dukan mata, anya bai sayar da mumbari ba?" Wata kuma ta ce: "Malam, ku malamai sai Turawa sun yi magana sannan kuke tunawa da mu." Maganganun biyu sun dame ni, don kowacce akwai gaskiya a cikinta. Darasin yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Bari in fara da abin da ya sa batun ya daina zama mini na cikin littafi.

Wata rana bayan sallar asuba, jama'a sun watse, Baba Ladan ya zo ya ce akwai wata baiwar Allah a bayan masallaci tana son magana. Na same ta a tsugune, ta ja hijabi ta rufe gefen fuska ɗaya. Ba saki ta zo nema ba, ba ƙara ta kawo ba. Fatawa ta zo nema. Ta ce: "Malam, kwana uku ke nan kunnena yana zubar da ruwa, ba na ji da shi. Idan na je asibiti ba da izinin maigidana ba, ina da zunubi?" Na ce baiwar Allah, me ya sami kunnen? Ta yi shiru. Sai daga baya na ji cewa sau biyu tana yaji, sau biyu ana mayar da ita, ran farko da "ki yi haƙuri, aure ibada ne", na biyun da bikon turmin atamfa. Mijin na san shi sarai. Ɗan sahun farko ne.

Na haɗa ta da iyalina suka tafi asibiti. A can aka tura su wani ɗaki na musamman inda aka duba ta kyauta, aka ce dodon kunnen ya fashe, aka rubuta rahoto, wata ma'aikaciya ta zauna da ita kusan awa guda tana saurarenta. A jikin bangon ɗakin akwai allo ɗauke da tambarin ƙungiyoyin waje da suka ba da kuɗin. Ni kuwa limamin da take sallah a bayansa a watan azumi, ban da asusu, ban da ɗaki, ban da ko littafin da nake rubuta irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Wallahi ranar na ji kunya.

To mene ne ma wannan abu da ake ta yi a Nuwamba? Mu san shi tukuna kafin mu yabe shi ko mu zage shi, domin malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa.

Ranar 25 ga Nuwamba ta samo asali ne daga wasu mata uku 'yan gida ɗaya, 'yan gidan Mirabal, da aka kashe a Jamhuriyar Dominika a 1960 saboda adawa da mulkin kama-karya na Trujillo. A 1991 wata cibiya a jami'ar Rutgers ta Amurka ta fara gangamin kwana 16, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba. A 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa a kan kawar da cin zarafin mata, a 1999 kuma ta amince da ranar a hukumance. Kafin wannan gangami akwai yarjejeniyar CEDAW ta 1979, bayansa kuma akwai ta Tarayyar Afirka da aka ƙulla a Maputo a 2003. A 2017 Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da shirin Spotlight da kuɗi Yuro miliyan 500, Najeriya da Nijar duk suna cikin ƙasashen da ya shiga. A Najeriya ya yi aiki a Sakkwato, Adamawa, Abuja, Legas, Ebonyi da Kuros Riba. Cibiyar Nana Khadija da ke Sakkwato, wadda ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, a ƙarƙashinsa aka buɗe ta a 2020.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i. Idan ka ce wannan lissafin Turawa ne, to ga namu: binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu tun daga shekara 15. A binciken, arewa maso yamma ce ta fi ƙarancin adadi. Muna fata hakan albarkar addini ce. Amma duk limamin da ya taɓa zaman sulhu ya san matanmu ba sa faɗa wa uwarsu ma, balle baƙuwa mai takarda da biro.

Yanzu ga masu zargi. Ni ba na cikin masu cewa zarginku jahilci ne. Mutumin Kano da ya tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu, ba za ka ce masa ya amince da duk wanda ya sauko daga jirgi ba. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Tarihi ma ya nuna an sha fakewa da mata a ci ƙasa. Lord Cromer da ya mulki Masar wa Ingila ya riƙa kukan an danne matan Musulmi, da ya koma gida shi ne ya shugabanci ƙungiyar maza masu adawa da bai wa matan Ingila 'yancin jefa ƙuri'a. A 2001 da za a ci gaba da ruwan bama-bamai a Afganistan, 'yantar da mata na cikin hujjojin da aka kawo. Kuma mun ga shirun da yawa daga cikin masu wannan kira a kan matan Gaza. Sannan su kansu takardun akwai abin dubawa. Sashe na 16 na CEDAW yana neman daidaito kai tsaye a aure da saki, abin da ke karo da wasu hukunce-hukuncenmu na wilaya da ɗalaƙi. Ta Maputo ta fifita auren mace ɗaya, ta kuma buɗe ƙofar zubar da ciki a wasu yanayi. Waɗannan ba ƙage ba ne, a rubuce suke.

Duk na yarda. Tambayar ita ce: idan mutumin da ba ka yarda da aƙidarsa ba, ba ka kuma gama amincewa da niyyarsa ba, ya ce zo mu hana zalunci, me Shari'a ta ce ka yi?

A nan ne nake so mu ɗan zauna a kan Hilful Fudul, don da yawanmu mun haddace sunan a darasin Sira amma ba mu taɓa amfani da shi ba.

Kimanin shekara 20 kafin a aiko Manzon Allah (SAW), wani ɗan kasuwa daga ƙabilar Zubaid ta Yaman ya kawo haja Makka. Asu bin Wa'il, babban mutum a Banu Sahm, ya karɓi kayan ya hana kuɗi. Baƙon ya zagaya gidajen manya, kowa ya kau da kai. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubais da hantsi, Ƙuraishawa suna zaune a gefen Ka'aba, ya ɗaga murya yana kai kukansa. Zubairu bin Abdulmuɗɗalib, baffan Annabi (SAW), shi ne ya miƙe ya ce wannan ba abin bari ba ne. Banu Hashim, Banu Muɗɗalib, Banu Asad, Banu Zuhra da Banu Taim suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an, suka yi rantsuwa cewa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, suna tare da shi har a mayar masa da haƙƙinsa. Suka je suka ƙwato kayan. Annabi (SAW) yana saurayi ya halarci zaman. Bayan annabta ya ba da labari cewa bai ƙaunar a musanya masa wannan alkawari da jajayen raƙuma, kuma da za a kira shi zuwa irinsa a cikin Musulunci da ya amsa.

Ku lura da mai masaukin. Nana A'isha (RA) ta taɓa tambayar Annabi (SAW) ko kyautar Ibn Jud'an da ciyarwarsa za su amfane shi a lahira, ya ce a'a, domin bai taɓa roƙon Allah gafarar ranar sakamako ba. Wannan yana cikin Sahihu Muslim. Ka ga ke nan, mai gidan mushriki, mahalarta masu bautar gumaka, aƙidarsu ɓatacciya, amma alkawarin da aka ƙulla a zaurensa Annabi (SAW) ya yabe shi. Bai yabi shirkarsu ba, bai kuma ce tunda su mushrikai ne duk abin da suka kira a kai ƙarya ne ba.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ba a cika kawo shi a majalisi ba, Suhaili ya kawo shi a Raudul Unuf, Ibn Kasir ma a Bidaya. Wani mutum daga ƙabilar Khas'am ya zo Makka tare da 'yarsa kyakkyawa mai suna Ƙatul. Nubaihu bin Hajjaj, shi ma ɗan Banu Sahm, ya ƙwace ta da ƙarfi ya ɓoye a gidansa. Uban ya rasa inda zai sa kansa, aka ce ya kira 'yan Hilful Fudul. Ya tsaya a Ka'aba ya yi kira, sai ga su da takubba tsirara. Suka tsaya a ƙofar Nubaihu suka ce fito da yarinya. Ya roƙi su bar masa ita ko da daren nan kaɗai, suka ce ko na ɗan lokaci ba za a bari ba. Dole ya fito da ita. Jama'a, wannan a jahiliyya ne fa. Mutanen da wasunsu ke binne 'ya'ya mata sun samar da ƙofar da uban yarinya zai buga a amsa masa cikin dare. Mu da muke da Alƙur'ani, a unguwarka wace ƙofa za a buga?

Kuma kada a ce an shafe hukuncin. A zamanin Mu'awiya (RA), Sayyidina Husaini bin Ali ya sami saɓani da gwamnan Madina Walidu bin Utba a kan wata dukiya, ya ga ana so a yi masa fin ƙarfi, sai ya yi barazanar zai tsaya a masallacin Annabi ya yi kira da Hilful Fudul. Abdullahi bin Zubair ya ce idan ya kira zai ɗauki takobinsa ya amsa. Gwamna ya ba da haƙƙi.

Ƙa'idar ba a wannan ƙissa kaɗai take ba. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida, wadda ta yi umarni da taimakekeniya a kan alheri da taƙawa ta kuma hana ta a kan saɓo da ƙetare iyaka, ku duba abin da ya gabace ta a cikin ayar: gargaɗi ne kada ƙiyayyar mutanen da suka tare Musulmi daga Masallaci Mai Alfarma ta sa su yi ta'adi. A Hudaibiyya Annabi (SAW) ya yi rantsuwa cewa duk tsarin da Ƙuraishawa suka nema wanda a cikinsa akwai girmama alfarmomin Allah zai ba su. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya ciro daga nan cewa mushriki ko ɗan bidi'a ko azzalumi, idan ya nemi abin da ke girmama wata alfarma ta Allah, ana amsa masa a taimake shi a kan wannan abin, ko da an hana shi waninsa. Jinin mace Musulma da mutuncinta ba alfarmar Allah ba ne? A hajjin ban kwana an haɗa jini da dukiya da mutunci an kwatanta haramcinsu da na ranar da watan da garin, kuma a wannan huɗubar aka yi wasiyya da mata. Har ma an ruwaito wani Bayahude ya zo ya yi wa Musulmi gyara a kan rantsuwa da Ka'aba da kuma haɗa mashi'ar Allah da ta mutum a magana, Annabi (SAW) ya karɓi gyaran ya umarci sahabbai su canza lafazi. Bai ce wa ya aiko ka ba.

Saboda haka abin da nake gani, kuma Allah ne mafi sani: asalin haɗa hannu da su a kan hana duka, fyaɗe, auren dole da wulaƙanta mata halal ne, wani lokaci ma wajibi idan babu wata hanyar ceton wanda aka zalunta. Inda suka nemi abin da ya saɓa wa nassi, a ce a'a a fili, a ci gaba da aiki a kan sauran. Wannan ba sabon abu ba ne ko a tsarin su kansu. Dokar ƙasa da ƙasa ta yarda ƙasa ta shiga yarjejeniya da togaciya, abin da Larabawa ke kira tahaffuz. Masar ta shiga CEDAW a 1981 ta toge sashe na 16 saboda Shari'a. Saudiyya ta shiga a 2000 da sharaɗin ba ta ɗaure da abin da ya saɓa wa Musulunci ba. Nijar ta shiga a 1999 da nata togaciyar. Najeriya kuwa ta amince a 1985 ba ta toge komai ba. Wa ke wurin ranar? Ba mu. Muna can muna cewa abin Turawa ne. Wanda ya ƙi zuwa wurin rabo ba ya cewa an ba shi ƙashi. Irin haka ta sake faruwa da dokar hana cin zarafi ta VAPP da aka sanya wa hannu a Mayun 2015. Jihohin da malamai suka shiga aka zauna da su sun yi mata gyara suka karɓa, inda aka tsaya jifa daga nesa kuwa shekaru suka yi ta wucewa ba doka ba madadinta.

Akwai misalan da aka yi abin yadda ya dace. A Azhar akwai cibiyar nazarin al'umma da aka kafa a 1975 da haɗin gwiwar asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, kuma a 2005 ta fitar da littafi kan haƙƙin yara a Musulunci tare da UNICEF. Malaman Azhar ne suka rubuta, da ayoyinsu da hadisansu. A nan gida, a 2005, Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ta yi aiki kan kare haƙƙin mata ta hanyar Shari'a a arewacin Najeriya da tallafin gwamnatin Birtaniya. Kuɗin na waje, alƙalamin na malamanmu. Babbar Ruga a Katsina fa? Likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo a 1983, ya shafe shekaru yana ɗinke matan da yoyon fitsari ya raba da mazajensu, dubbai. Yawancinsu doguwar naƙuda ce a gida, wasu yankan gishiri. Ban taɓa jin wanda ya hana 'yarsa zuwa can don likitan ba ya sallah ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, mafi yawan abin da ake zuwa daga Janiba da Niyok a gaya mana yana cikin littattafan da ke zaurukanmu.

Mu Malikawa ne a nan. A Mukhtasar, Shaihu Khalil ya tabbatar wa mace haƙƙin a raba aurenta saboda cutarwa, ko da shaidu ba su tabbatar da cewa cutarwar ta maimaitu ba. Sau ɗaya ya isa. Dardir da yake sharhi ya lissafa cikin cutarwa ƙaurace mata ba dalili, duka, da zaginta ko zagin ubanta. Zagin uba fa, wanda wasu suka mayar kamar gaisuwa. A Tuhfatul Hukkam, wadda alƙalanmu ke aiki da ita har gobe, cutarwa tana tabbata da shaidu ko da jin labari da ya watsu a tsakanin maƙwabta. Wato Shari'a ta san ba a dukan mace a gaban shaidu biyu adilai, sai ta karɓi maganar unguwa. A kan fyaɗe, Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ɗora wa mai laifin haddi da kuma biyan sadakin irinta, ita kuma babu komai a kanta. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi ya tafi a kan cewa fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni. Mu kuma sai a kira uban yarinya gidan mai unguwa a ce a rufa asiri, a ba shi kuɗin magani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya caccaki malaman zamaninsa da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci kamar kayan gida, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Wace ƙungiyar waje ce ta ba su tallafi?

Na san wani yana jira in zo kan aya ta 34 a Suratun Nisa'i. Ba za mu goge ta ba, ba kuma za mu ji kunyarta ba. Amma wa ya fi kowa sanin ma'anarta? Wanda aka saukar masa. Nana A'isha ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Da mata suka yi ta zuwa gidajensa suna ƙarar mazajensu, ya faɗa wa jama'a cewa waɗancan mazan ba su ne zaɓaɓɓu ba. Da Faɗima bintu Ƙais ta nemi shawara a kan masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahm saboda an san shi da dukan mata. Wannan kaɗai darasi ne ga waliyyai: binciken hannun mai neman aure sunna ce. Aɗa'u bin Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, ya ce miji ba ya duka ko ta saɓa masa, sai dai ya nuna fushinsa, Ibnul Arabi ya yaba wannan fahimta. Malaman da suka tsaya a kan halascin kuwa sun kewaye shi da sharuɗɗa: bayan wa'azi, bayan ƙauracewar shimfiɗa, ba a fuska ba, ba mai barin alama ba, wasu suka kwatanta da asuwaki, Malikawa suka ƙara da cewa sai in yana zaton zai yi amfani. Shaihu Ɗahir bin Ashur na Tunisiya a tafsirinsa ya ce idan hukuma ta ga maza ba sa tsayawa a iyaka, tana da ikon hana su ta kuma hukunta mai yi. To ku gaya mini, marin da ya fasa dodon kunne a wane babi yake? Wannan ba ladabtarwa ba ce, jinaya ce, tana da hukuncinta.

Wani abin mamaki, sashe na 55 na kundin Penal Code, wanda ya ba miji damar "gyara" matarsa matuƙar bai yi mata mummunan rauni ba, an tsara shi ne a ƙarshen mulkin Turawa, ya fara aiki a 1960, kuma da al'ada ya jingina abin. A wannan kundin sai an kai ga irin karaya, ko rasa gani ko ji, ko doguwar jinya sannan rauni ya zama mummuna. Fiƙihunmu ya fi shi tsanani nesa ba kusa ba. Amma idan aka ce a gyara sashen, sai ka ji wasu suna cewa ana yaƙar Musulunci.

'Yan uwana limamai da ake gayyata taruka, ga nasiha, ni ma na je. Na taɓa halartar wani na kwana biyu, ba zan faɗi masu shiryawa ba. Ranar ƙarshe aka raba takardar matsaya da Turanci, shafi huɗu, aka ce a sa hannu kafin a karɓi kuɗin zama. Na ga dattijai da ba sa karanta boko suna layi. Na ce a fassara mana tukuna. Aka ɗan yi tsaki, amma aka fassara, muka sami jimla ɗaya a kan "jinsi" mai ɗaukar ma'ana fiye da namiji da mace, muka ce a bayyana ta ko a cire, aka cire. Ba a kore mu ba, ba a hana mu abinci ba. Sau da yawa mu ne ba ma tambaya. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. Kada ka karɓi huɗuba a rubuce ka hau mumbari da ita, ka karɓi bayanin likita da na lauya, ayoyin kai za ka nemo. Kuɗin mota ba haram ba ne, amma ka auna zuciyarka: in da babu ambulan za ka yi wannan huɗubar? Idan sai Nuwamba kake tuna mata, jama'a za su gane, kuma suna da gaskiya su zarge ka. Sannan kada ka yarda a ɗauki hoton matar da aka ci zarafinta don rahoton masu ba da tallafi, suturta ta wajibi ne a kanka. Akwai ƙungiyoyin matanmu Musulmi irin FOMWAN, tun 1985 suke aiki, ka fara da su.

Masu zargi kuma, ina roƙonku abu ɗaya. Idan kun rufe waccan ƙofar, ku buɗe wata. Ƙin abin Turawa ba ya ɗinke kunne.

A masallacinmu, bayan abin da ya faru, mun ware wani kaso daga asusun Juma'a don kuɗin asibiti da na mota ga irin waɗannan mata. Mun naɗa dattijai mata biyu daga makarantar Islamiyya waɗanda za a iya samu ba sai an bi ta kaina ba, don na gane mace ba za ta buɗe wa namiji komai ba. Mun kuma yi ƙa'ida a zaman sulhu: idan akwai rauni, asibiti ne farko, kuma ba a mayar da mace ɗakinta sai da yardarta da sharaɗi a rubuce gaban waliyyinta. Lambar wancan ɗakin na asibiti tana cikin wayata, kuma ina kiransu.

Ita baiwar Allah, na je na sami mahaifinta da rahoton likita a hannuna. Dattijo ya karɓa ya juya takardar, ya ce: "Malam, ni ina gudun a ce 'yata ta kashe aure." Na karanta masa maganar Khalil, na fassara masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shekara 40 yana zama a gaban malamai bai taɓa jin wannan ba. Maganar tana gaban alƙali yanzu. Mijin ya daina sallah a masallacinmu, ya koma na gaba, yana cewa an saye ni. Kunnen kuma likita ya ce a jira wata 3 a gani ko zai haɗe da kansa.

Wallahu a'alam.